Carter Harman: Matuƙin Da Ya Fara Ceton Rai Da Jirgi Mai Saukar Ungulu A Dajin Bama

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na Arewa cikin shekarun 1960 da 1970 ba zai rasa tuna wasu dattawa da ake kira 'yan Bama ba. Akan gan su ranar tunawa da 'yan mazan jiya sun ciro tsofaffin kakinsu daga adaka, sun jera lambobi a ƙirji, suna tafiya a miƙe duk da tsufa. Mu kuwa yara mukan kewaye su da yamma don jin labarin dajin da rana ba ta ratsa shi, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke maƙale wa mutum a ƙafa. Cikin duk abin da na ji daga bakinsu, magana ɗaya ce ta fi zauna mini a rai, wato cewa a wannan daji soja ya fi tsoron rauni a kan mutuwa. Wanda ya mutu an gama da shi, amma wanda harsashi ya karya wa ƙafa, shi ne zai ga 'yan uwansa sun juya baya sun tafi.

Wannan maƙala, ya mai karatu, tarihin wani Ba'amurke ne mai suna Carter Harman, wanda a watan Afrilun 1944, a cikin wannan dajin da iyayenmu da kakanninmu suka yi yaƙi, ya zama mutum na farko da ya shiga bayan abokan gaba da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko waɗanda suka maƙale. Daga ranar ne aka fara samun amsar tambayar da ta daɗe tana damun masu yaƙin daji, wato yaya za a yi da mai rauni?

Dajin Bama da matsalar mai rauni

A farkon 1942 sojojin Japan suka mamaye ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar. Sun kama babban birninta na lokacin, Rangoon, a watan Maris, suka kuma kora Turawan Ingila har cikin Indiya. Tsakanin Indiya da tsakiyar Bama akwai duwatsu masu tsawo da manyan koguna da ƙungurmin daji, babu hanyar mota ta kirki, don haka komawa a karɓe ƙasar ya zama jan aiki.

Wani hafsan Ingila mai suna Orde Wingate ya kawo shawarar a horar da sojoji na musamman waɗanda za su kutsa can bayan Japanawa a ƙafa, su riƙa lalata hanyar jirgin ƙasa da gadoji, ana jefo musu abinci da harsasai daga sama. Su ne aka laƙaba wa suna Chindit. A watan Fabrairun 1943 kimanin mutum 3,000 suka shiga, amma fiye da 800 ba su dawo ba. Abin da ya fi ciwo a wannan tafiya shi ne dokar da dole ta sa aka bi, cewa wanda ya kasa tafiya saboda rauni ko zazzaɓi ko atuni, sai a bar shi a wani ƙauye ko a gindin bishiya da gorar ruwa da 'yan harsasai, domin ɗaukarsa zai jawo halakar sauran.

Mutanenmu ma sun ɗanɗani wannan. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a yammacin Bama, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya suka fi yin magana da shi a tsakaninsu. Wani ma'aikacin jinya ɗan Nijeriya mai suna Isaac Fadoyebo, wanda Japanawa suka harbe a bakin kogin Kaladan a watan Maris na 1944, ya kwashe kimanin wata tara a ɓoye shi da wani abokinsa ɗan Saliyo, wani talakan ƙauye yana ciyar da su a asirce. Shi Allah Ya yi masa gyaɗar dogo ya rayu har ya ba da labari. Da yawa ba su sami haka ba.

Da aka zo shirin shiga karo na biyu, Wingate ya san ba zai sake samun zuciyar sojojinsa ba sai ya tabbatar musu cewa ba za a bar kowa a baya ba. Bayan taron shugabannin Amurka da Ingila a Quebec cikin watan Agustan 1943, Amurka ta yarda ta ba shi rundunar jiragen sama tasa ta musamman a ƙarƙashin Kanar Philip Cochran da Kanar John Alison. Cikin kayan wannan runduna akwai ƙananan jirage masu iya sauka a gajeren fili don kwashe masu rauni. Akwai kuma 'yan ƙalilan na wani sabon abu da yawancin sojoji ba su taɓa sa wa ido ba.

Jirgin da ba a gama yarda da shi ba

Wannan sabon abu shi ne helikwafta, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna jirgi mai saukar ungulu. Wanda ya ƙera shi, Igor Sikorsky, an haife shi a birnin Kiev a 1889, ya yi suna wajen ƙera manyan jirage a Rasha, sannan ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1919 bayan juyin juya halin da aka yi a ƙasarsu. A ranar 14 ga Satumba 1939 ya fara ɗaga jirginsa na gwaji daga ƙasa, shi da kansa a kan kujerar tuƙi, an ɗaure jirgin da igiyoyi don kada ya kife. Daga wannan gwaji ne aka samo jirgin da ake kira R-4, wanda ya fara tashi a watan Janairun 1942, aka kuma ƙera guda 131.

Yana da kyau mai karatu ya san bambancin wannan jirgi da sauran. Jirgin sama na yau da kullum sai ya yi gudu a kan dogon fili iska ta bugi fukafukansa kafin ya ɗaga. Shi kuwa helikwafta fukafukansa ne ke juyawa a bisa kansa, don haka yana iya tashi daga inda yake tsaye, ya tsaya cik a sararin sama, ya kuma sauka a fili kamar tsakar gida. Sai dai idan babbar farfelar ta juya ta wannan gefe, gangar jikin jirgin takan nemi juyawa ta ɗaya gefen. Maganin da Sikorsky ya yi wa wannan shi ne sanya ƙaramar farfela a wutsiya don ta riƙe jirgin, kuma har yau yawancin jiragen nan a kan wannan tsari ake ƙera su.

To, amma R-4 jariri ne. Ƙarafa ne aka haɗa aka lulluɓe yawancin jikinsa da kyalle, kujerunsa biyu kacal, ƙarfin injinsa bai wuce na doki 200 ba, wato motoci da yawa da ke yawo a titunanmu a yau sun fi shi ƙarfi. Gudunsa bai wuce mil 75 a awa ba, mansa kuma ba ya kai shi nesa da kimanin mil 130. Ga jijjiga mai gajiyar da hannun matuƙi. Sojoji sukan yi masa ba'a suna kamanta shi da abin kaɗa ƙwai. A ranar 3 ga Janairu 1944 wani hafsan tsaron gaɓar teku na Amurka, Frank Erickson, ya yi amfani da irinsa cikin mummunan yanayi ya kai ruwan jini daga New York ga matuƙan wani jirgin ruwan yaƙi da ya yi bindiga. Duk da haka babu wanda ya san ko zai yi wani amfani a fagen daga, balle a ƙasa mai zafi irin Bama.

Ɗalibin kiɗa ya zama matuƙi

An haifi Carter Harman a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 14 ga Yuni 1918. Babu abin da ya haɗa tasowarsa da aikin soja. Ilmin tsara kiɗa ya karanta a Jami'ar Princeton a hannun wani shahararren malami mai suna Roger Sessions, ya kuma kammala a 1940. Da Amurka ta shiga yaƙi bayan harin da Japan ta kai mata a watan Disambar 1941, sai ya bi sahun dubban samari ya shiga sojan sama, ya koyi tuƙin jirgi, ya sami muƙamin laftanan.

A wancan zamani burin kowane saurayin matuƙi shi ne a ba shi jirgin yaƙi mai gudun tsiya, domin a nan suna yake. Harman kuwa yana cikin 'yan ƙalilan ɗin farko da suka karɓi horo a kan helikwafta, abin da babu littafin koyarwa na kirki a kansa, babu kuma tsofaffin hannu da za a tambaya. Da wannan ɗan ilmi aka tura shi Indiya cikin rundunar Kanar Cochran. Jiragen da aka aiko ma ba duka suka kai ga aiki ba, domin wasu sun salwanta a hanya, wasu kuma a hatsari, har ya zamana abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

A daren 5 ga Maris 1944 aka fara shigar da sojojin Chindit karo na biyu. Daga filin Lalaghat da ke yankin Assam na Indiya aka riƙa jan jirage marasa inji da igiya, maƙare da sojoji da alfadarai da kayan aiki, ana sakinsu su sauka a wani fili a tsakiyar daji. A hankali aka kafa sansanoni masu filin saukar jirgi a bayan Japanawa, aka ba su sunaye irin su Broadway da White City da Aberdeen. A nan ne tarihinmu ya haɗu da wannan labari, domin cikin rundunar akwai Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai ɗauke da bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojojin Nijeriya, waɗanda aka ɗora wa tsaron Aberdeen da White City. Wingate kansa bai ga ƙarshen aikin ba, don ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 24 ga Maris.

Tafiyar mil 600

Ranar 21 ga Afrilu 1944 wani saje Ba'amurke mai suna Ed Hladovcak ya ɗauko sojojin Ingila uku marasa lafiya da masu rauni a ƙaramin jirginsa. Bai kai inda za shi ba jirgin ya faɗi a wata gonar shinkafa, ba nisa da garin Mawlu, a yankin da Japanawa ke sintiri. Dukkansu huɗu sun tsira da rai. Sajen ya ja mutanensa suka shige daji suka hau wani tudu suka ɓuya, Japanawa kuwa suka sami tarkacen jirgin suka shiga nemansu.

Abokan aikinsa sun gano inda suke daga sama, suka riƙa jefa musu abinci da ruwa da 'yan takardun saƙo. Amma gani ba samu ba ne. Babu filin da ko ƙaramin jirgi zai iya sauka a kusa, mutanen uku kuma ba za su iya doguwar tafiya ba, raunukansu sun fara ruɓa saboda zafi. Da dabara ta ƙare sai aka tuna da abin kaɗa ƙwai, aka aika wa Harman a Lalaghat cewa ya taso.

Tsakaninsa da su akwai tafiyar kimanin mil 600, a jirgin da ba ya iya yin ko rubu'in haka ba tare da shan mai ba. Ya ɗora gwangwanayen mai a kujerar da ke gefensa, ya riƙa bin filayen jiragen Assam ɗaya bayan ɗaya, yana sauka yana ƙara mai, har ya tsallake duwatsun da suka raba Indiya da Bama ya isa wani sansani mai suna Taro. A can makanikai suka ciro tankin mai daga wani ƙaramin jirgi suka ɗaura masa, domin zangon ƙarshe, mai fiye da mil 100, a kan ƙasar abokan gaba yake, babu wurin tsayawa. Haka ya bi ta saman itatuwa shi kaɗai, ba bindiga ba rakiya, a jirgin da mai bindigar hannu ma zai iya kakkaɓowa, har ya sauka a Aberdeen.

Ɗaya bayan ɗaya

A nan wata matsala ta taso wadda ilmin kimiyya ya bayyana. Iska idan ta yi zafi takan yi sauƙi, haka nan idan wuri yana da tudu ko iskar tana ɗauke da laima mai yawa. Iska mai sauƙi kuwa ba ta ba farfela abin da za ta tura, ba ta kuma ba inji isasshen numfashi. Watan Afrilu shi ne tsakiyar bazarar Bama, kamar dai yadda yake a wurinmu. Saboda haka jirgin da aka ƙera don mutum biyu a ƙasa mai sanyi, da ƙyar yake ɗaga matuƙinsa a nan. Harman ya gano cewa sai ya murɗa injin har iyakarsa, sannan ya fizgi jirgin ya yi tsalle sama, ya kuma tura shi gaba nan take don ya sami iskar da za ta riƙe shi kafin ya koma ƙasa.

Da wannan hali ba zai yiwu ya riƙa kai kowa har Aberdeen ya dawo ba. Sai aka yi shawara: an sami wani tudun yashi a bakin kogi, ba nisa da inda mutanen suke, wanda ƙaramin jirgi zai iya sauka a kai. Harman zai riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya ya ajiye a kan yashin, ƙaramin jirgi kuma ya ƙarasa da su. Aka jefa wa Hladovcak saƙo ya sauko da mutanensa bakin fili.

Ranar farko ya ɗauko mutum biyu, aka fara da wanda ya fi jin jiki. Yana ajiye na biyun sai injin ya ɗau zafi ya ƙi tashi. Babu yadda za a yi, dole ya kwana a kan yashin nan kusa da jirginsa, sauran biyun kuma suka ƙara kwana a daji. Da gari ya waye injin ya huce, ya tashi, ya koma ya ɗauko Bature na uku. Saura Hladovcak, wanda ya tsaya a ƙarshe kamar yadda ya kamaci mai riƙon amana. Yayin da Harman ya sauka ɗaukarsa sai suka hango sojoji suna fitowa daga cikin itatuwa. Sajen ya faɗa cikin jirgi, Harman ya fizge shi da ƙyar suka tashi, ya wuce da shi Aberdeen kai tsaye. Sai daga baya aka gane cewa waɗanda suka hango sojojin Chindit ne da suka fito neman mutanen don su cece su.

Haka mutum huɗu suka kuɓuta kafin watan Afrilu ya ƙare. Harman bai koma Indiya nan take ba, ya ci gaba da zama a yankin har cikin watan Mayu yana kwaso wasu masu rauni daga wuraren da jirgi mai fukafukai ba ya iya shiga. Hukumar sojan Amurka ta ba shi lambar yabo ta bajintar tuƙin jirgi saboda wannan aiki. A lokacin shekarunsa 25.

Bayan yaƙi

Wani abin sha'awa game da mutumin nan shi ne, da yaƙi ya ƙare a 1945 bai nemi ya ci abinci da sunan da ya yi ba. Ya ajiye kaki ya koma ga abin da ya baro. Ya ƙaro ilmin kiɗa a Jami'ar Columbia, ya yi aikin sharhi kan kiɗa a jaridar New York Times daga 1947 zuwa 1952, sannan ya zama editan sashen kiɗa na mujallar Time har zuwa 1957. Ya zauna a tsibirin Puerto Rico na wasu shekaru. Ya rubuta littattafai, ciki har da ɗaya kan tarihin kiɗa da wani kan yadda ake gina dogon bene. Daga baya ya shugabanci wani kamfanin ɗaukar faifai mai suna CRI, wanda aikinsa shi ne adana ayyukan masu tsara kiɗa na Amurka waɗanda manyan kamfanoni ba su damu da su ba, ya kuma yi ritaya a 1984. Ya rasu a jihar Vermont ranar 23 ga Janairu 2007 yana da shekara 88. Da yawa daga waɗanda suka yi hulɗa da shi a matsayin masanin kiɗa suka san shi.

Hanyar da ya buɗe kuwa ba ta sake rufewa ba. A yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 helikwafta ta kwashe dubban masu rauni daga bakin daga zuwa asibitocin tafi-da-gidanka cikin ɗan lokaci, abin da a da yakan ɗauki yini ko kwanaki a kan makara. A daidai wannan zamani wata likita Bafaranshiya, Valérie André, ta riƙa tuƙa nata jirgin da kanta tana ɗauko masu rauni a yaƙin Indochina, ta kuma zama mace ta farko da ta kai muƙamin janar a sojan Faransa a 1976. A yau idan ambaliya ta ci gari, ko jirgin ruwa ya nutse, ko girgizar ƙasa ta datse hanyoyi, ƙarar farfelar nan ce mutane ke kasa kunne su ji. Gaskiya ne an mayar da helikwafta makamin kisa daga baya, kamar yadda ɗan Adam ya saba yi da duk abin da ya ƙera, amma tarihi ya riga ya rubuta cewa aikin da ya fara fito da darajarta a fagen fama shi ne ceton rai.

Kammalawa

Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Harman bai jira a ƙera masa jirgi mai ƙarfi ba. Da wanda ke hannunsa ya yi aiki, ya san iyakarsa, ya raba aikin gida huɗu tunda ba ya ɗaukuwa a tashi ɗaya, ya kuma haƙura ya kwana a kan yashi da injin ya gaza. Jarumtakarsa ta haƙuri ce da lissafi, kuma da ita aka cika alkawarin da aka yi wa sojan daji cewa in ya faɗi za a dawo a ɗauke shi.

Ga 'yan uwa mazauna birane, alamun wannan yaƙi suna kewaye da ku ko da ba ku lura ba. Barikin Chindit da ke Zariya, da barikin Kalapanzin a Kaduna, da na Myohaung da Arakan a Legas, da Burma Camp a birnin Accra na Gana, duk sunayensu daga wancan fagen fama aka samo su. Idan hanya ta bi da ɗayanku ta ƙofar barikin Chindit, ya tuna cewa filin Aberdeen da Carter Harman ya sauka da sajen da ya ceto, sojojin Nijeriya ne aka ba tsaronsa. Wanda kuma ya gaji lambar mahaifinsa ko ta kakansa a cikin adaka, ya ciro ta ya nuna wa 'ya'yansa, ya gaya musu sunan ƙasar da aka samo ta.